Koren Fenti

Ni mai fenti ne a Dilimi,
shekara ashirin da uku ina shaƙar tina
har hancina ya daina raba turare da kananzir.
Na sha mai da tsohuwar tasi amarya,
na shafe tabon haɗari
har direba ya manta ya taɓa kifewa a Hawan Kibo.
Sana'ata ke nan, rufe abin da ya faru.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
mutum biyu suka kawo farar a-kori-kura.
Dogon yana tauna asuwaki,
gajeren bai fid da hannu daga aljihu ba.
Suka ce kore. Ba na ganye ba,
mai duhun nan da ka sani,
da dabbaren baƙi da ruwan ƙasa,
kuma kar ya yi sheƙi.
Na ce, ta bariki ce?
Dogon ya tofar, ya ce kwangila.
Ba su nemi ragi ba.
A Dilimi wanda bai nemi ragi ba
ko dai mahaukaci ne, ko yana sauri.
Na sani. Na tuna kuɗin makarantar Atine, na ja bakina.

Kwana biyu na yi a kanta.
Na yanka lamba a kwalin sabulu, na fesa a ƙofa,
na bi gefenta da samfefa
don ta yi kama da wadda ta sha daji.
Da ta bushe, Ilu yarona ya ƙame ya sara mata,
muka yi dariya.
Wallahi na ji daɗin aikin.

Davou, mai kawo min dankali duk Asabar,
ƙauyensu na can bayan Bukuru, cikin shingen ƙerana.
Dare bakwai samari ba su runtsa ba,
sun gitta gora a bakin hanya, suna jin sanyi da tsoro.
A na takwas fitila ta hasko,
tocila ta sauka kan kore, ta sauka kan lamba,
wani ya ce, an tuna da mu!
Da hannunsu suka ɗage gorar.
Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.
Ɗan Davou, Choji, shi ya ruga ɗauko benci
don baƙi su zauna.

Sauran ba ni da bakin faɗa.

An tsinci motar a gaɓar kududdufin kuza,
rabi ta ƙone, rabi tana nan.
A wayar Ilu na gani.
Ƙofar hagu, ƙasan lamba, fenti ya ɗan zuba
inda tari ya sarƙe ni hannuna ya girgiza.
Uwa ba ta ɓata ɗanta a kasuwa.

Da gari ya waye sojojin gaske suka iso,
da ruwa, da likita,
ba su tarar da kowa ba sai awaki.
Masu rai sun haye duwatsu,
suna leƙen kore daga nesa,
wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bayan wata uku Davou ya dawo,
ba dankali, hannu ɗaya a rataye.
Ya zauna kan tsohuwar taya, na sayo masa shayi.
Ya ce, Tanimu, ko kana da ragowar fenti?
Allon kabarin yaron nake so in rubuta,
ruwan sama na cin alli.

Na shiga ciki.
Gwangwanin koren na nan, saura kwata.
Na tsaya a kansa har shayinsa ya huce.
Na fito masa da fari.
Ya ce nawa? Na ce haba.
Ya yi godiya, har da riƙe min hannu,
hannun nan dai.

Na wanke da tina, na wanke da fetur,
na kankare da reza har jini.
Atine ta ce, Baba, farcenka ya fita tas.
Ita ce ba ta gani.